Ranar Da Kawu Ya Yi Kyautar Motarsa Bai Sani Ba

Ko da zan manta duk darussan da aka koya mana a jami'a, ba na jin zan manta abin da ya faru a tsakar gidanmu a Luggere, ana gab da tafiyar kakata aikin Hajji. Shekaru sun ja, amma har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in kama dariya ni kaɗai.

Lokacin ina aji uku a jami'a a nan Yola, ina karatun tsaron intanet da binciken bayanan sirri. Ɓangaren da na fi karkata a kai shi ne na sufurin jiragen sama: yadda ake kare na'urorin filin jirgi daga masu kutse, yadda matuƙi ke magana da hasumiyar da ke ba shi umarnin sauka da tashi, da yadda ake bin diddigin saƙon ƙarya kafin ya firgita matafiya. A gida kuwa babu wanda ya gane abin da nake karantawa. Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Dada, tunda ta ji kalmar jirgi ta yanke hukunci tuƙi nake koyo. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna ni ta ce ga maigidanta, direban jirgi. Shi kuwa Kawu, babban ɗanta mai sayar da kayan gyaran mota a Jimeta, cewa yake sana'ar 'yan damfara nake koyo, bambancin kawai ni za a ba ni satifiket.

Dada mace ce mai barkwanci, amma akwai abu ɗaya da ba ta wasa da shi, wato labarin hari. A Mubi take zaune shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin. Da ƙafa ta fito, ta kwana a daji tare da maƙwabtanta, kafin Allah Ya haɗa su da motar da ta kawo su Yola. Tun daga nan, ko tayar mota ce ta fashe a bakin titi sai ka ga ta miƙe tana neman mayafi. Wanda bai ga wancan zamani ba zai ce tsoro ne ya yi mata yawa. Mu da muka ga yadda ƙafafunta suka kumbura ranar da ta iso, ba mu taɓa faɗin haka ba.

To a shekarar da nake ba da labari Allah Ya kira ta aikin Hajji. An gama komai, an ɗinka kaya, an soya dambun nama, 'yan uwa daga Mbamba da Ajiya suna ta zuwa sallama. Wata Asabar bayan azahar ina ɗaki ina fama da aikin makaranta, sai wata maƙwabciyarmu ta shigo da waya a hannu, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Wani saƙon murya ne ke yawo a zauren hirar matan unguwa na waya. Da farko ana jin wasu suna magana da Turanci cikin ƙarar rediyo, kamar matuƙi da hasumiya, hankali a tashe. Daga nan sai wani ya shigo da Hausa, ya ce shi ma'aikacin filin jirgin Yola ne, masu kutse sun kama hanyar sadarwar jiragen alhazai, kuma hukuma na ɓoyewa. Ya rantse, ya kira sunan Allah, ya ce duk mai son ransa ya danna wani adireshin intanet ya saka lambar fasfo ɗinsa domin a sauya masa jirgi.

Kafin in fito, Dada ta riga ta zauna a kan akwatinta. Ta ce ita ta fasa. Wanda ya tsira daga bakin kura ba ya komawa ya leƙa haƙoranta. Mahaifiyata ta yi lallashi har ta gaji. Aka kira Kawu ya rufe shago ya zo, shi ma da ya saurara sai na ga jikinsa ya yi sanyi.

Na karɓi wayar na tura saƙon cikin kwamfutata. Tun a saurare na biyu na ji abin da ya tsaya mini. Mai maganar hasumiya yana cewa jirgi ya sauka a titin hagu. Filin jirginmu kuwa titi ɗaya ne tal, babu dama babu hagu, mun je ziyarar karatu mun gani da idonmu. Na ci gaba da tono kamar yadda aka koya mana, har na gano asalin muryoyin Turancin: wani tsohon atisaye ne na horar da ma'aikata a wata ƙasa mai nisa, an yanko shi an liƙa masa Hausa. Adireshin kuma sabo ne fil, ba shi da alaƙa da kowace hukuma. Na kira malaminmu na faɗa masa, ya duba ya ce haka ne, zai sanar da waɗanda ya kamata.

Na fito ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Na tsaya a gaban Dada na zuba bayani, titin hagu, atisaye, adireshin bogi, ban bar komai ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Maigida, ni da kunnena na ji mutumin nan ya rantse. Kai kuma akwatin nan naka ne ya gaya maka. Wa zan bi?”

A makaranta an koya mini gano ƙarya, amma ba a koya mini yadda zan nuna ta ga tsohuwar da ta taɓa gudun ceton rai ba. A wurinta murya shaida ce. Can wata dabara ta zo mini. Na ja Kawu gefe na roƙe shi izinin in yi amfani da tsofaffin saƙonnin muryarsa da ke wayata. Kawu mutum ne da ba ya rubutu, komai sai ya ɗauki murya, don haka ina da su tuli. Ya ce in yi abin da zan yi, in dai ba asusunsa zan shiga ba. Bai tambayi me zan sa ya faɗa ba, ni ma ban gaya masa ba.

Kawu yana da wata tsohuwar mota da yake ji da ita kamar ɗan fari. Ba ya ba da aronta, ko yaro ne ya jingina da ita sai ya ji faɗa. Na zauna na yi ta yanko kalmomi, wannan daga saƙon cinikin taya, wancan daga gaisuwar Sallah, na jera su na goge gaɓoɓin. Bayan la'asar na dawo tsakar gida, na sa Kawu ya zauna kusa da Dada, na ce ta dubi bakinsa da kyau kada ta ɗauke ido. Sai na kunna.

Muryar Kawu ta fito tar: “Dada, wallahi na ba ki motata kyauta, har abada.”

Kawu ya zabura kamar an ɗana masa wuta, yana cewa shi bai taɓa faɗin haka ba. Dada ta dubi wayar, ta dubi ɗanta, ta ce a sake. Na sake kunnawa. Mahaifiyata ta riƙe ciki, maƙwabciyar nan ta zame daga kan kujera don dariya. Ita dai Dada ba ta yi dariya nan take ba. Ta daɗe tana jinjina kai, sannan ta tambaye ni a hankali ko haka aka yi wa wancan mutumin na filin jirgi. Na ce kusan haka ne, sai dai shi da gangan ya yi, yana neman bayanan fasfon mutane ne, ya san kuma tsoro ne zai sa su miƙa ba tare da tunani ba.

Ta tashi daga kan akwatin ta karkaɗe zaninta. Ta miƙa wa Kawu hannu ta ce ya kawo makulli, ai kowa ya ji, har da rantsuwa. Kawu ya juyo kaina ya ce daman ya faɗa, wannan karatu ba na mutanen kirki ba ne. Amma yana faɗa yana dariya, kuma da kansa ya ce in tura masa bayanin ya watsa wa 'yan kasuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da Dada ta yi washegari. Ta sa aka tara mata tsofaffin da za su tafi tare, biyu daga cikinsu ma sun riga sun ce sun fasa. Ita ta yi musu bayanin da bakinta, rabi Hausa rabi Fulatanci, ta sa na kunna musu kyautar motar, Kawu na gefe yana ta musantawa. Babu wanda ya danna adireshin nan a cikinsu, babu kuma wanda ya fasa tafiya.

Ranar tashi a motar Kawu muka kai ta filin jirgi, tana gidan gaba tana ba shi umarni ya bi mata mota a hankali. Ta tafi lafiya, ta dawo lafiya, ta kawo mini dabino da hula.

Yanzu aikin da nake yi ke nan, kuma na ga saƙonnin ƙarya da suka fi wancan ƙwarewa nesa ba kusa ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, gano gaskiya rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ka kai ta ga mutum ta ƙofar da zai iya buɗewa, ba tare da ka raina tsoronsa ba. Mai tsoro yana da dalilinsa, kuma idan ka girmama dalilin, shi da kansa zai taya ka yaɗa gaskiyar fiye da yadda za ka iya kai kaɗai.