Ƙiryar Kabarin Baba

A gonarmu ta daji, can kan hanyar Tsamiya, inda in ka yi tuntuɓe mai kyau a ƙasar Benin za ka faɗi, akwai wata bishiyar ƙirya. Tun ina yawo ba wando Baba ya hana a sa mata gatari. Cewa ya yi ita ce rufin kabarinsa.

Baba ba ya tsoron mutuwa, amma yana tsoron kabari ya rufta da shi. Yana saurayi ya ga yadda damina ta yi da wasu kaburbura da aka jera wa itace mara ƙarfi, gara ta cinye, ƙasa ta zauna a kan mutanen. Abin bai taɓa barin ransa ba. Ita kuwa ƙirya, gara in ta cije ta sai ta koma gida neman mai gyaran haƙori.

Kafin ta kai ga aikin kabarin ma, bishiyar nan ta yi mana bauta. Da rani awaki su ci 'ya'yanta, Inna ta tsince ƙwayar ta yi daddawa. Baba ya rataya amyar zuma biyu a jikinta. Geron da ke gindinta kullum ya fi na sauran gonar tsawo da kai guda. Wata shekara iska ta karya mata reshe, Baba ya kai wa masassaƙi ya fitar wa Inna da taɓarya. Inna ta yi ta daka da ita har ta bar duniya, taɓaryar ko tsagewa ba ta yi ba, sai sheƙi da ta ƙara.

Da idon Baba ya tafi, gona ta dawo hannuna, ni ne autansa. A shekarun ne masu gawayi suka shigo da injin yankan itace. Kafin ka gama alwala sun kwantar da bishiyar da ta girmi kakanka. Marke ya tafi, madobiya ta tafi, har kaɗanyar da mata ke tsintar 'ya'yanta ba a bari ba. Dajin da muke jin tsoron shiga muna yara ya zama in kaza ta ɓace a cikinsa, daga ƙofar gida za ka hango ta. Ƙiryarmu ta rage ita kaɗai a tsaye, kuma kowane mai inji ya san hanyar gidanmu.

Na yi ta ƙi. Sannan na fara yi wa kaina wa'azi. Na ce in ban sayar ba, wata rana zan tarar an sace. Na ce Baba ƙarfe ne, shi zai binne mu duka. Na ce in ranar ta zo ai ba a rasa ƙirya a duniya ba. Da na gama gamsar da kaina, na sayar, na sayi babur.

Kullum bayan la'asar in na dawo, Baba na zaune a zaure kan buzunsa, sai ya juyo da fuska wajen ƙarar babur ɗin.

"Auta, ƙiryata lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. Ai ta yi girman da in rana ta karkata, inuwarta sai ta nuna takarda a kan iyaka kahin a bar ta ta wuce."

Ya yi ta dariya har da tari. "Kai dai ba ka da gaskiya tun kana goye."

"Wallahi jiya jirgin sama na gani ya kauce mata."

Na rantse a kan jirgi, ya san wasa ne. Abin da bai sani ba, a ƙarƙashin wasan ma babu komai sai kututture. Duk rani yakan ce in kawo masa 'ya'yanta ya ɗan tauna. Sai in je kasuwa in saya wurin matan da ke zuwa daga ƙetaren iyaka. Wata rana ya tauna, ya ce, "Bana ba ta da zaƙi kamar da."

Na ce, "Tsuhwa ne, Baba. Ku biyun duka."

Gonar kuwa ba ta iya ƙarya ba. Ƙudan zuma suka watse. Iskar farkon damina ta riƙa binne shuka da yashi, sai na sake shuka sau biyu, wani lokaci sau uku. Ruwa ya samu hanya ta gefen kututturen ya yanka wani rami, bana ya kai gwiwa, baɗi ya kai ƙugu.

A dangi mutum ɗaya ne ya sani, taubashina, ɗan gwaggona, wanda shi ke haƙa kabari a garinmu. Duk inda muka haɗu sai ya shafa kujerar babur ɗin.

"Ranka ya daɗe mai ƙirya. Ran da tsoho ya cika, da wanga za mu ruhe shi? Taya wajen kai ko wajen ƙahwa?"

"Ruhe mini baki, bawan banza. Kai za mu hwara sakawa."

Mukan yi dariya mu rabu. Yayata kuwa, wadda ke aure a Kende, ba ta san komai ba.

Baba ya cika wata safiya cikin bazara, bayan ya sha kunu. Yaya na gidan, ta zo jinya. Ta ce maganarsa ta ƙarshe da ta gane ita ce, "Auta ya san wurin." Liman ya ce za a yi sutura bayan azahar, don zafin ranar ba na ajiye gawa ba ne. Ina tsaye a tsakar gida Yaya ta fito daga ɗakin Baba da gatarinsa, ta miƙo mini.

"Tahi ka saro. Rassan ƙasa sun isa, kada ka kashe ta."

Na karɓi gatarin. A ƙofar gida taubashina ya tare ni da magirbin haƙa a kafaɗa, ba dariya a fuskarsa.

"Tahi ƙetare ka gwada. Ni zan yi haƙan a hankali."

Na ɗaure gatari a bayan babur na kama hanya. Na wuce gonarmu ban juya kai ba. A zatona da na tsallaka iyaka zan faɗa cikin daji irin na da, in zaɓi wadda nake so. Sai na tarar da gonakin auduga, fili fetal har inda ido ya ƙare, da buhunan gawayi jere a bakin hanya suna jiran mota. Na tambayi masu faci, na tambayi mata a bakin rijiya. Kowa ya nuna mini gaba. Na yi ta shiga ƙauyukan da ban san sunansu ba, rana tana hawa.

Can na hango ta, ƙirya guda a tsakiyar wata gona, shanu uku kwance a inuwarta. Mai gonar wani dattijo ne, Badande a ƙabila, Hausarsa gutsi-gutsi. Na durƙusa na gaya masa komai, ban ƙara ba, ban rage ba, abin da ban saba yi ba. Ya yi mini ta'aziyya, ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan ya girgiza kai.

"Jiya wani, shekaranjiya wani. Kowa babanshi ya mutu. In na ba kowa reshe ɗaya, shanuna ina su kwanta?"

"Baba, rantsuwa nike..."

"Na yarda da kai. Taku ina ta tahi?"

Ya dubi babur, ya dube ni. Wayata ta yi ƙara, taubashina ne.

"Kai, ina kake? In na ƙara haƙawa rijiya za ta zama. An yi wanka, an sa likkahwani, mutane sun cika ƙohwar gida. Taho haka nan."

Na dawo da gatarin yadda na tafi da shi. Kafin in iso, samari sun sassaro dogonyaro daga bakin maƙabarta, ɗanye shar, irin wanda kowa ke samu yanzu. Ba wanda ya yi mamaki, ashe rabin garin sun sani, kunya ce ta hana su faɗa wa tsoho makaho.

Saura Yaya. Na same ta a ƙofar madafa, mata sun kewaye ta. Na ce ta zo gefe. Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta leƙa ta zaure inda na jingine babur ɗin.

"Wanga shi ne?"

Na ce shi ne.

"Shekara nawa kana ce mishi tana nan?"

Na ce huɗu.

Ta shiga tsohon ɗakin Inna, na ji tana ture kaya. Ta fito da taɓaryar nan, ta share mata ƙura da bakin zanenta, ta ɗora mini a hannu biyu.

"Ita ɗai ta rage daga jikinta. Ka sa mishi wajen kai."

Na tambayi liman ko ya halatta. Ya ce itace itace ne, a yi sauri. Na sa mata gatari, gatarin ya yi tsalle ya dawo kamar na sari dutse. Sai da aka aro zarto wurin kafintan bakin tasha, muka yi ta ja ni da taubashina, gumi na zuba, jama'a na tsaye cikin rana suna jiranmu. Ta rabu gida biyu. Na shiga ramin da kaina na gicciya su daidai fuskar Baba, aka jera dogonyaro daga ƙirji zuwa ƙafa, aka toshe da ganye da laka, aka tura ƙasa.

Damina ta farko kabarin ya riƙe. Ta biyu, cikin watan da ruwa ba ya ɗaukewa, taubashina ya yi sallama da hantsi, da shebur biyu a hannu. Bai shafa babur ba, bai ce mini mai ƙirya ba. Na bi shi.

Daga ƙirji zuwa ƙafa ƙasa ta zauna, ta yi kwari, ruwa ya kwanta a ciki. Wajen kai yana nan a tashe yadda muka bar shi, faɗin tafin hannu biyu. Na duba hagu da dama, duk sababbin kaburburan haka suke, layi guda, har da na yara. Muka ɗebo ƙasa muka cike na Baba, muka daddanna. Muna cikin yi na ji bakina yana neman abin da zai faɗa, don shirun ya yi mini yawa.

Na ce, "Ni in na mutu, ku jera mini ƙarhen babur ɗin. Gara sai ta ci ta gani."

Ya ci gaba da tura ƙasa. Can ya ce, "Baɗi ma sai mun dawo. Ka aje shebur ɗin nan wurinka."

Yana nan bayan ƙofar zaure, kusa da buzun Baba. Yaya kuwa in ta zo daga Kende, na je tasha ɗaukarta, sai ta ba ni kayanta in ɗaura, ita ta taho da ƙafa.