Togashi Kanji na Sakata da Muryar da Ta Ƙetaro Teku

Haihuwa da karatu

An haifi Togashi Kanji a ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1941 a garin Sakata da ke bakin teku a ƙasar Japan, a gidan Togashi Yosaburo, matuƙin jirgin kamun kifi, da matarsa Sueno. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya jirgin mahaifinsa ya ɓace a teku, ba a sami ko katako ba, kuma jirgin ba shi da rediyon da zai nemi agaji. Ya kammala makarantar koyon sana'a a sashen lantarki a shekarar 1959.

Aiki da iyali

A wannan shekara ya kama aiki a wata masana'antar gyaran injinan jiragen ruwa, inda ya shafe shekara arba'in da biyu cikin ƙarar guduma da ƙarfe. Ya auri Michie, 'yar manoman shinkafa, a shekarar 1967, suka haifi 'ya'ya uku.

Sha'anin rediyo

Ya sami lasisin masu magana da juna ta rediyo don sha'awa a shekarar 1963, daga baya ya karkata ga zangon rediyo mafi ƙanƙanta, wanda saƙonsa ke tafiya ɗoɗar kamar haske, dutse ko tudu kan tare shi. Da hannunsa yake ƙera na'urorinsa da farantin da ke harba saƙon. A shekarar 1984 ya ƙulla abota da Nagasako Fumio, malamin makaranta a Matsue, suka ƙuduri aniyar jin muryar juna a wannan zango, alhali tsakaninsu akwai teku na sama da kilomita ɗari bakwai. Hakan ba ya yiwuwa sai a wasu ranakun zafi, idan iska mai ɗumi ta kwanta a kan ruwa ta zame wa saƙon hanya. Kowane Yuli sai Kanji ya hau dutsen Chokai da kayansa, Nagasako ya hau nasa dutsen, su wuni suna kira, su sauko ba su ji komai ba. Michie takan ɗaure masa dunƙulen shinkafa tana cewa, "Baban yara, ga waya nan a falo. Ka buga masa mana, kowa ya huta."

Raunin ji

Bayan ya ajiye aiki a shekarar 2001, likita ya tabbatar masa cewa ƙarar masana'anta ta cinye kunnuwansa. Zuwa shekarar 2004 ba ya iya rarrabe murya daga shuuu ɗin na'ura, don haka ya rubuta wa Nagasako cewa ya nemi wani abokin. Nagasako ya amsa da layi ɗaya, cewa shi ma ya tsufa da neman sabon aboki.

A watan Afrilu na shekarar 2005 Michie, tana da shekara sittin da ɗaya, ta ajiye masa takardar lasisinta na rediyo kusa da kwanon miyarsa. Wata biyar ta yi tana karatu a ɓoye a gidan ƙanwarta. Ta rubuta masa a allon da suke magana da shi tun da jinsa ya raunana: "Ba don ina so ba ne. Na gaji da ganin fuskarka a gida."

Ranar 26 ga Yuli, 2009

Shekara huɗu suna hawa tare, shi yana saita faranti, ita tana saurare. A wannan rana, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, Michie ta ɗaga hannu, ta damƙe masa gefen riga. Hanyar ta buɗe na tsawon minti shida. Kanji ya karɓi abin magana ya faɗi lambar tasharsa, ita kuma tana rubuta masa amsar Nagasako a allo. Da muryar ta ɓace ya tambaye ta, "Yaya take?" Ta rubuta: "Ta tsoho ce irin taka. Ya yi tari sau biyu, sannan ya yi kuka."

Ƙarshen rayuwa

Nagasako ya rasu a watan Fabrairu na shekarar 2011. Michie ta bi shi a ranar 3 ga Nuwamba, 2013, bayan gajeriyar jinya. Da aka cika kwana arba'in da tara da rasuwarta, Kanji ya raba na'urorinsa ga 'yan ƙungiyarmu ta masu rediyo a Sakata. Da muka roƙe shi ya bar ko guda ɗaya, ya ce, "Me zan yi da ita? Kunnena yana makabarta." Bai sake hawa dutsen ba.

Ya rasu a gidan kula da tsofaffi a ranar 18 ga Janairu, 2019, yana da shekara saba'in da bakwai. An ƙona gawarsa bisa al'ada, aka binne ƙasusuwansa a kabarin iyali, kusa da na matarsa. Ya bar 'ya'ya uku: Norihisa, injiniya a Sendai, Kazue, ma'aikaciyar jinya a Tsuruoka, da Shunpei, wanda ke noma gonar kakanninsa, da jikoki biyar. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya riƙe lasisin rediyo.