Ɗinkin da Ba Nawa Ba

Ni dama can ba na yarda da zif, amma wata maƙwabciyarmu a unguwar Hayyul Ashir ta Alƙahira, Bahaushiyar Sudan, ita ta ƙarasa ɓata shi a idona. Na shiga shaƙƙarta, wato gidanta, aron albasa, ta ji za mu tafi Umara ta jirgin ruwa, sai ta jawo akwatinta mai kwaɗo, ta ɗauki biro ta caka a tsakanin haƙoran zif ɗin. Nan take ya wangale. Ta zura hannu ta fito da shi, ta ja kwaɗon daga wannan ƙarshe zuwa wancan, zif ya koma ya haɗe kamar ba a taɓa shi ba.

"Wanda zai ɗebe miki kaya mai sauƙi ne," in ji ta. "Ki ji tsoron wanda zai ƙara miki. Kin dai san abin da suke yi wa wanda suka kama da ƙwaya a can."

Na sani, duk ɗalibin da ke Alƙahira ya sani. Takobi ne, kuma ba a tambayar shekarun mutum.

Lokacin Inna, mahaifiyata, tana wurinmu. Mun kawo ta daga gida aka yi mata aikin gwiwa, ta fara takawa da sanda, sai ta ce ba za ta koma ba sai ta ga Ɗakin Allah, tunda ga shi nan a tsallake. Maigidana, wanda shi ma ɗalibi ne kamar ni, ya samo mana gurbi a wata tawaga da ke tafiya a bas zuwa Safaga, daga nan a shiga jirgin ruwa a ƙetare. Ya yi ta zuzuta jirgin, wai irin na 'yan yawon buɗe ido ne, da ɗakunan kwana da wurin cin abinci. Inna ta ji daɗi, ta ce kakanta ma ta ruwa ya ƙetare. Ni kuwa biron nan kawai nake gani.

Shekarun nan garin bai zauna lafiya ba. Ko'ina ka bi shingen sojoji ne, kowa yana duban kowa a kaikaice, shi ya sa ban tsaya wasa ba. Na hau mikrobas, ƙaramar bas ta haya, na tafi kasuwar Ataba, na sayo kwaɗo mai nauyi, da siririyar sarƙa, da farin yadi mai kauri, da basilla da zaren buhu. Na shirya wa Inna kayanta da hannuna, na kulle akwatin, na lulluɓe shi da yadin, na zauna a tsakar falo na ɗinke shi ruf ta kowane gefe. Maigidana yana ta tsokanata, wai akwatin ma harami ya ɗaura. Na ce ya yi ta dariya, rigakafi ya fi magani. Da na gama na ɗauki alƙalami mai kauri na rubuta sunan Inna da lambar fasfonta ɓaro-ɓaro a jikin yadin, da boko da Larabci. Kwaɗon da makulli biyu ya zo. Na rataya ɗaya a wuyana, ɗayan na ƙulle mata a bakin zane, tunda akwatinta ne.

Akwai wani tafinta da muka sani a asibiti, Bahaushe, magidanci ne har da 'yar furfura a gemu. Irin mutanen nan ne da ke tarar marasa lafiya daga gida suna yi musu fassara wurin likita. Ranar da nake da darasi shi ke tura keken Inna, shi ke karɓo mata magani. Ba ya gaishe ta a tsaye, sai ya durƙusa har ƙasa, Mama kaza, Mama kaza. Inna ba ta kiransa da komai sai ɗan albarka. Ni ma ban taɓa ganin aibinsa ba, kada in yi masa ƙarya. Sau ɗaya ne kawai na ji wani iri, ranar da ya tambaye ni ko da keke za a shigar da Inna jirgi ko da ƙafarta. Na ce da keke. Ya ce tamam, wato daidai, ya fi sauƙi, ba sa wahalar da tsofaffi.

Haka kuwa aka yi a Safaga. Ma'aikacin binciken kaya ya dubi Inna a keke da carbi a hannu, ya ce mu wuce, ya roƙe ta addu'a. A bakin jirgi ne aka yi daru. 'Yan dako suna tara manyan akwatuna a kan tirela za a shiga da su can ƙasan jirgi, sai an sauka kowa ya nemi nasa. Na ce akwatin Inna babu inda za shi. Ɗan dakon ya ce doka ce, na ce a kira wanda ya kafa ta. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, na ce ma'alish ɗinsa ya riƙe. Maigidana yana ta jan hijabina ta baya don kunya. Da suka ga zan tare musu hanya, wani babbansu ya ce yalla, a bar ta da tsiyarta. Na ja akwatin da kaina har ɗakin da aka ba ni da Inna, na zarga sarƙa a hannunsa na ɗaure da ƙafar gado. Maigidana ya tafi can wurin zaman maza.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, tagarsa ba ta buɗuwa, ƙarar inji tana shigowa ta ƙarƙashin ƙafa. Inna ta kwanta tana lazimi. Hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɓace, ruwa ne kawai baƙi-ƙirin ta kowane ɓangare. Na zauna a ƙasa na jingina da akwatin ina jin daɗin kaina, ina shafa ɗinkin da yatsa don rashin abin yi. A nan yatsana ya tsaya.

Ni bahaguwa ce. Ɗinkina karkacewa yake yi ta hagu, kuma gwara-gwara ne, don ba ni da haƙurin allura. Gefe uku na akwatin haka suke. Na huɗun kuwa ya kwanta ta dama, ƙanana, a jere, an ƙulle ƙarshensa sau biyu an tura bakin zaren ciki. Na fara lissafa inda akwatin ya rabu da idona, a bas, a layi, a hannun 'yan dako, ban samu ko ɗaya ba. Sai na sake duban ƙullin da kyau. Na san shi. Da shi aka ɗinke duk wata matashin kai da na kwanta a kai tun ina yarinya.

"Inna, kin buɗe akwatin nan?"

Ba ta daina jan carbi ba. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika dubana ido cikin ido ba. Ta dubi bango ta ce, "Ke dai ba kya barin abu ya wuce. Ɗan saƙo ne."

Ashe ana gobe za mu tashi, ina can ofishin tawaga karɓo fasfo, maigidana yana jami'a, ɗan albarka ya zo sallama. Ya kawo mata dabino da turare. Zai tafi sai ya ce yana jin nauyi, amma yana da gwaggo a Madina da ta daɗe tana marmarin miyar gida, ga ɗan kuka da daddawa da yaji. Ya ce kada ta gaya mini, ya san ni da tsantseni, kada ya ɗora mini damuwa. Wani zai zo masauki ya karɓa. Inna ta farke gefe ɗaya, ta buɗe da makullinta, ta tura saƙon can ƙasa, ta mayar da komai yadda yake.

"Mutumin da ya yi ta tura ni a keke, in ce masa ba zan iya ɗaukar daddawa ba? Da wane bakin?"

Na ciro makullin daga wuyana, na sa haƙori na tsinke zaren. Inna ta tashi zaune.

"Kada ki taɓa. Amana ce. Ba a buɗe saƙon mutane, ba haka na rene ki ba."

Tunda nake ban taɓa ɗaga mata murya ba, kuma ranar ma ban ɗaga ba, don bangon ɗakin siriri ne, ana jin tarin na maƙwabta. Amma na faɗa mata magana a hankali wadda ta fi tsawa. Na ce sunan wa ke jikin akwatin nan, nawa ko na gwaggonsa? Na ce idan aka buɗe a can aka ga abin da ba daddawa ba, ba za su tambayi wa ya ba ta ba, za su ɗauke ta da kekenta, kuma kanta za su sare. Na ce ta yi fushi da ni har ƙarshen rayuwarta, na yarda, in dai a gadonta za ta yi fushin.

Saƙon yana ƙarƙashin zannuwanta, ƙunshi ne kamar girman bulo, an naɗe shi da salatif har ba a ganin ledar. Warin daddawa ya cika ɗakin tun kafin in gama yankawa da basilla. Kukar gaskiya ce, yajin ma haka. Har na fara jin kunya tana hawo mini, na fara shirya yadda zan ba ta haƙuri. Sai na ɗauki curin daddawa ɗaya na ji ya yi nauyi, na murƙushe shi a tafin hannuna. Wata 'yar leda ta fito daga cikinsa, cike da fararen ƙwayoyi ƙanana. Na fasa na biyu, haka. Ban fasa na uku ba.

Inna ba ta yi salati ba. Carbin ne kawai ya zame daga hannunta ya faɗi a kan bargo.

Ban nemi maigidana ba. Mutumin kirki ne mai gaskiya tsantsa, da ya gani kai tsaye zai nufi shugaban jirgi ya yi bayani, kuma bayani a wannan wurin shi ne igiyar da za a ɗaure mu da ita. Na tattara komai har da kukar da yajin da ɓarɓashin da ya zuba, na zuba a baƙar leda, na cusa a ƙarƙashin hijabi, na ce wa Inna ta kulle ƙofa kada ta buɗe wa kowa.

Saman jirgin cike yake da mutane, wasu suna talbiyya, wasu sun shimfiɗa barguna suna cin burodi da cuku. Babu lungun da babu ido. Na yi ta zagaye ledar tana manne da cikina, warin yana bina, ina ganin kamar kowa ni yake shinshina. Can baya, inda hayaƙin inji ke bugowa, na tarar da waɗanda ruwa ya juya wa ciki sun jeru a jikin ƙarfe, kowa ya sunkuya da ledarsa. Na shiga cikinsu na sunkuya. Ban ma yi wahalar kwaikwayo ba, aman ya zo da kansa. Ina cikin yi na saki ledar. Wani ma'aikacin jirgi ya tsaya a bayana, har na ji numfashinsa. Ya miƙo mini ruwa a roba ya ce salamtik, wato sannu, ya wuce.

Na koma na fitar da kayan Inna ɗaya bayan ɗaya na kakkaɓe, na laluba kowane aljihu da kowane saƙo na akwatin, na goge cikinsa da sabulu da turare. Warin bai fita ba. Inna ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, wanda zai zo masauki fa? Na ce ya zo, ni zai tarar. Ban sake ɗinke yadin ba.

Da la'asar muka sauka. Zauren kwastan dogo ne, fari fat, babu mai magana da ƙarfi. A nan ba su san tsohuwa ba. Ma'aikacin ya karanta sunan da ke jikin yadin, ya dubi Inna, ya sa aka ɗora akwatin a tebur. Ya buɗe, ya ɗan ja da baya saboda warin, ya ɗaga hannu aka kawo kare. Karen ya sa hanci daidai kusurwar da ƙunshin ya kwana, ya daɗe a wurin. Maigidana, da bai san komai ba, yana murmushi yana gaya wa ma'aikacin cewa kayan miyarmu ne ke da ƙarfi haka. Aka zazzage kayan, aka ƙwanƙwasa gindin akwatin, aka tsaga shafin cikinsa da wuƙa. Ni dai ina riƙe da hannun keken, ina kallon ƙeyar Inna. Daga ƙarshe ma'aikacin ya tura mana tulin zannuwan ya ce khalas, wato shi ke nan.

A waje, maigidana ya tafi neman bas ɗinmu, ya bar mu a inuwar wani bango. Inna tana zaune, akwatin a kan cinyarta ta rungume shi, yadin yana reto. Sai ta kira sunana, sunana na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Na durƙusa a gabanta.

"Shi yaron nan," ta ce, "ya san abin da ake yi wa wanda aka kama?"

Na so in ce mata wataƙila shi ma ba shi saƙon aka yi, bai san me ke ciki ba. Na buɗe baki, na ga tana dubana ido cikin ido.

"Ya sani, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Da zai tafi sai da ya ce in sa masa albarka," ta ce. "Na kuwa sa masa."