Injiniya Bashari, Alƙalin Makaɗa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga Maris, 1989, cikin makon farko na Sha'aban, Allah Ya yi wa Injiniya Bashari Lado Haɗeja rasuwa a nan Riyadh, bayan jinyar kwana tara ta ciwon zuciya. Shekararsa arba'in da bakwai. Mun sallace shi bayan la'asar a babban masallacin Dira, muka raka shi maƙabartar Al-Oud.

Da ƙungiyarmu ta 'yan Najeriya mazauna Riyadh ta ce in rubuta wani abu a kansa, na je gidansa a unguwar Malaz na nemi izinin mai ɗakinsa, Hajiya Kaltume. Ta ce mini, "Malam Nuru, kukan da muka yi ya isa. Ka rubuta abin da in ya ji zai yi dariya." To, Injiniya, ga shi nan. Da kai zan yi magana, kamar yadda muka saba.

Haɗuwarmu ta farko a shagon kaset ne na wani Ba'indiye a kasuwar Batha, cikin 1982. Wata biyu ke nan da zuwana aikin haɗa magunguna. Ban san kowa ba, iƙamata, wato takardar izinin zama, ba ta fito ba, kewar gida kuma ta fara hana ni cin abinci. Na ɗauki kaset ɗin wata ƙungiyar kiɗan rok da sunanta ya cika gidajen rediyo a lokacin, ina jujjuya shi, sai na ji Hausa tsantsa a bayana: "Ɗan'uwa, ajiye wannan. Makaɗinsu gaggawa gare shi." Hular kaina ce ta tona ni. Ban ajiye ba, na saya, kai kuma ka sa ni a mota ka kai ni gidanka don ka nuna mini kuskurena. Ranar na ci tuwon shinkafa da miyar kuka har na ji kunya. Ka mayar da waƙa ɗaya baya sau shida, sai da na ji da kunnena inda mai gangar ya riga 'yan'uwansa ya bar su suna bin sa a guje. Cikin makon kai ka yi ta zarya wajen kafilina, mutumin da ya tsaya mini na shigo ƙasar, har iƙamar ta fito.

Daga nan yammacin Alhamis ya zama namu. Mukan taru mu huɗu ko biyar a falonka bayan la'asar, ga shayi ga dabino, a kunna rikoda, ba a kashewa sai an kira magariba. Mu muka sa wa zaman suna kotu, kai ne alƙali. Ka san kiɗan nan tun kana ɗalibi a Ingila, inda ka ce hutunka yakan ƙare a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, wajen ƙananan ƙungiyoyin da ke wasa gaban mutum talatin ko arba'in. Ba ruwanka da mawaƙi, ba ruwanka da mai jita. Mutumin da ke zaune can baya cikin jerin ganguna, shi kaɗai kake sauraro. Sai ka rufe ido, yatsunka na tafiya a kan gwiwa, in an gama ka yanke hukunci. Wanda ya cika surutu da sanduna kakan ce share ɗaki yake yi. Wanda ba ya sauraron abokan kiɗansa kakan ce irin mutanen nan ne masu amsa gaisuwa tun ba a gama yi musu ita ba. Sau da yawa ka ce mana, "Ku bar hannun dama, kowa yana da shi. Ku saurari na hagu, a nan ake gane wanda ya iya."

Gardamarmu da kai guda ce, kuma shekara bakwai ba mu gaji da ita ba. Ka raba ƙungiyoyin rok gida biyu: 'yan fili, masu cika filin ƙwallo da jama'a, da 'yan ƙasa, waɗanda ba wanda ya san su sai wani tsohon abokin karatunka da ke turo maka kaset ɗinsu ta gidan waya. A wurinka 'yan ƙasa su ne masu gaskiya. Ka ce da zarar ƙungiya ta yi suna, kamfani ne ke gaya wa makaɗinta inda zai buga, a goge masa kurakurai, wani lokaci ma a ajiye shi a sa na'ura ta yi kiɗan. "Ni injiniyan lantarki ne," kakan ce, "na san abin da waya za ta iya. Ba ta gumi." Ni kuma na tsaya kai da fata cewa rashin suna ba daraja ba ce. Wasu ba a san su ba ne don ba su iya ba, kaset ɗinsu kuma kamar a cikin rijiya aka ɗauka.

Wata Alhamis na haɗa maka tarko. Na samo wani tsohon kiɗa da makaɗin nan na Batha, mai gaggawa, ya yi tun ƙungiyarsu ba ta yi suna ba. Na kwafe shi a farin kaset marar rubutu, na ce wasu yara ne da ba a sani ba. Ka saurara ido rufe, ka sa aka maimaita, ka ce wannan hannu ne da kuɗi ba su ɓata ba, in an ba shi shekara biyar zai kunyata duk 'yan fili. Sai na faɗa maka ko wane ne. Ka dube ni ta saman tabarau, can sai ka fashe da dariyar nan taka mai girgiza kafaɗa, har Hajiya ta aiko a tambaya ko lafiya. Ka ce, "Kunnena ya faɗi gaskiya. Bakina ne ya daɗe da shiga jam'iyya." Ban taɓa ganin wanda aka kama da kuskure ya ji daɗi kamar yadda ka ji ranar ba. Amma ba ka sauka daga ra'ayinka ba. Cewa ka yi na ma ƙara maka hujja, tunda sai da ya yi suna ya lalace.

Duk tsawon wannan lokaci ban taɓa tambayar inda ka samo wannan kunne ba. A 1986 na sani, ranar da kowa ya sani. An tsayar da kai takarar shugabancin ƙungiyarmu, aka taru a wata istiraha, irin gidajen shaƙatawar da ake haya a bayan gari. Ana cikin cin abinci wani dattijo, wanda ba zan faɗi sunansa ba domin ya zo jana'izarka ya yi kuka, ya ce cikin raha, anya za a ba mai tara kaset ɗin makaɗa shugabanci? Ai makaɗi maroƙi ne ko a Turai yake. Aka yi dariya. Kai ma da ka yi, da maganar ta wuce. Sai ka wanke hannu, ka miƙe tsaye.

"Alhaji, gara ku sani kafin ku ɗaga hannu," ka ce. "Ubana makaɗi ne. Lado mai kalangu, shi ke yi wa mahautan Haɗeja kiɗa. Da kalangun nan ya ciyar da mu, mu goma sha ɗaya, da shi ya sa ni makaranta. Shekara ashirin ina ce wa mutane manomi ne. Daga yau na daina."

Ka koma ka zauna ka ci gaba da cin shinkafarka. Aka yi zaɓe, ka faɗi da ƙuri'a huɗu. Ni raina ya ɓaci ƙwarai, na shiga motarka ina ta faɗa. Kai kuwa tun daga bakin ƙofa har Malaz kana kaɗa taken mahauta a kan sitiyari, ka ce mini rabon da ka ji jikinka sakayau haka tun kana yaro. Da ka isa gida ka tara yara ka gaya musu. Sailuba, babbar 'yarka, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, ta tambaye ka da 'yar Hausarta me ya sa ka ɓoye musu kaka irin wannan. Ka ce mini tambayar ta fi faɗuwar zaɓen zafi. Ba ka sake neman muƙami ba. Amma duk wanda fasfonsa ya maƙale, ko aka yi masa rasuwa bai san ta inda zai fara ba, lambar gidanka ake ba shi.

Hutun shekarar da ta biyo ka kwashi iyali duka kuka tafi Haɗeja, ka tafi da rikoda. Ka zaunar da tsohon a zaure ya yi maka kiɗa kaset uku. Da ka dawo aka kunna a kotu, muka ce alƙali ya yanke hukunci. Ka ce ba a yi wa uba maki. Can da kiɗan ya yi nisa ka kasa daurewa, ka ɗaga yatsa ka ce a hankali, "Amma ku ji abin da yake yi da hagu." Na tambaye ka, to Baba ɗan fili ne ko ɗan ƙasa? Ka yi lissafi, sannan ka amsa cewa ranar kasuwa mutane sukan bar ciniki su kewaye shi, don haka dole ka yarda ɗan fili ne. Na ce a rubuta, yau na ci shari'a. Ka ce an ɗaukaka ƙara.

Ba zan bar Malam Buraima ba, ɗalibin shari'a daga Damagaram, maƙwabcinka. Shi a fahimtarsa sauraron kiɗa bai halatta ba, ya kuma gaya maka haka ido da ido. Ba ka taɓa ja da shi ba. Da ka ji sallamarsa sai ka kashe rikoda, a koma hirar karatu, kai ne mai yawan tambaya. Littattafansa kuwa rabinsu da motarka aka ɗauko su daga Dira. Shi ya yi maka wanka. A bakin kabari ya ce mana kun saɓa a mas'ala ɗaya, amma shekara biyar bai taɓa riga ka sahun asuba ba.

Kwana biyu kafin ka rasu na same ka a asibiti, an liƙa maka wayoyi a ƙirji, na'ura tana ƙirga bugun zuciyarka. Na zauna kusa da kai. Ka nuna na'urar da haɓa ka ce, "Nuru, ji wannan makaɗin. Shekara arba'in da bakwai bai taɓa kuskure ba, yanzu ya fara tsallake bugu. Ba zan ga laifinsa ba, ya yi aiki." Muka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Daga nan ka ce in kira maka Malam Buraima ya zo ya yi maka karatu. Hajiya ta shaida mana da kalmar shahada ka cika.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kaltume, da Sailuba da Muhammadu da Rekiya, da 'yan'uwanka goma, da abokan aikinka na ƙasashe daban-daban da suka cika harabar gidanka kwana uku. Ina miƙa ta musamman ga Baba Lado. An buga waya Kano, ƙaninka ya hau mota ya kai masa labari Haɗeja. Ya ce tsohon ya yi salati, ya tambayi ko an sami jama'a a wajen salla. Da aka ce masa masallaci ya cika, sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya zo ya zauna da ni a gaban 'ya'yansa tun da sauran lokaci."

Ya Allah, ga bawanKa Bashari ɗan Lado ya zo gare Ka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka saka masa da alheri a kan kowane baƙo da ya ciyar a wannan gari. Ka raya 'ya'yansa cikin albarka, Ka ba mahaifinsa da iyalinsa haƙuri mai kyau. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, Ka haɗa mu da shi a Aljanna Firdausi. Amin.

Nuru Ɗanbala
Malaz, Riyadh