Injiniya da Gefen Hagu

Ƙanina ba ya sayen abu sai ya ƙwanƙwasa shi. Ko kofi ne, ko tukunya, ko katakon benci, sai ya ɗaga shi kusa da kunne, ya buga masa farce, ya yi shiru kamar mai jiran amsa. In sautin bai yi masa ba sai ya ajiye, ko da mai kaya zai yi ta rantsuwa har makogwaronsa ya bushe. Tun muna yara haka yake. Ni ne babba, saboda haka babu wanda ya kai ni daɗewa a tsaye a bakin shagunan mutane ana jiransa.

Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Teloli suka sa masa suna Injiniya, sunan ya bi shi har gida. Shagonsa ɗan ƙarami ne: tebur guda da mai ya mayar baƙi, kujerarsa, bencin masu jira, sai kawunan kekuna a jere a ƙasa kamar marasa lafiya a layin asibiti. In aka kawo masa keke ba ya tambayar abin da ya same shi. Zare yake cirewa, ya juya wilin da hannu a hankali, ya sunkuyar da kai ya saurara. Sai ka ji ya ce ga abin da ya goce, ko ga wanda ya cinye, ya buɗe, a tarar haka ne. Da wannan kunnen ya yi aure, da shi ya gina ɗakuna, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Ba shi da wani jari bayan shi, kuma ya san da haka.

Abin da yake so bayan aiki shi ne tsofaffin waƙoƙi. Da a rediyo mai kaset yake ji, har rediyon ya gaji da duniya. Sai Auta, ƙaramar 'yarsa, ta zuba masa waƙoƙin a waya. To, shagon yana tsakanin mai walda da mai injin niƙa, ko magana sai an ɗaga murya, balle waƙa. Auta ta ce a samo masa iyafis, 'yan abubuwan nan da ake cusawa a kunne. Mijinta kuwa kayan waya yake sayarwa a ƙarshen layinmu. Yaro ne mai ladabi, ba ya haɗa ido da surukinsa. Ladabin nan ne ya jawo masa abin da ya jawo masa.

Ya kawo na farko da kansa, ya durƙusa ya miƙa. Washegari sai ga Injiniya a bakin shagonsa, ni ina biye da shi don ya ce in raka shi.

"Ɗana, wannan abin naka gefen hagunsa a mace yake."

"A mace, Baba?"

"To, bai mutu ba, amma yana kan hanya."

Yaron ya sa a kunnensa, ya saurara. Ya dube ni. Ni kuma na dubi kwalayen da ke rataye a bango. Ya ce, "Haka ne, Baba, bari a canja," ya ɗauko wani.

Injiniya yana da waƙa guda da yake gwada kowanne da ita. Ya ce a can bayan ganguna akwai wani ɗan ƙarfe siriri da ake kaɗawa, ta gefen hagu yake shigowa. Duk iyafis ɗin da bai fito da ɗan ƙarfen nan ba, a wurinsa, kayan wasan yara ne. Na biyu bai fito da shi ba. Wanda ya biyo baya ma haka.

Ba zan ci amanarsa ba, a wasu abubuwan yana da gaskiya. Akwai wanda ƙuginsa ya yi yawa har ya danne muryar mai waƙa, kamar ana rera ta a cikin rijiya. Akwai wanda ya yi ƙarar gwangwani, ko ni da ban san komai ba na ji haka. Shi ya gano cewa in robar bakin ta yi wa kunne kaɗan, rabin sautin a hanya yake zubewa, ya sa yaron ya zazzago masa robobi manya da ƙanana yana gwadawa. Ya gwada marasa igiya, ɗaya ya suɓuce ya faɗa cikin gwangwanin man keke, ya tsamo shi da ɗan hantsaki ya mayar wa surukinsa, ya ce dama bai yi masa ba. Ya gwada mai toshe hayaniya, ya ce ji yake kamar an kife masa kwano a kai. Kowanne da laifinsa. Amma a ƙarshen kowane bayani sai ya ƙara da cewa, "Kuma gefen hagun ba shi da ƙarfi."

Wata rana ya miƙo mini ya ce, "Yaya, kai ji. Akwai ɗan ƙarfen?"

Na sa. Ɗan ƙarfen yana nan, tsaf, yana ta kaɗawa abinsa.

Na cire na goge a gefen riga. Na ce, "Injiniya, ka taɓa sa na daman a hagu, na hagun a dama, ka ji yadda za su yi?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Yaya, kowanne da harafinsa a jiki. Wanda ya ƙera su ba mahaukaci ba ne."

Na ce haka ne. Me zan ce kuma? Mutumin da ke gano ciwon keke daga ƙara guda, shi ne ya ƙi musanya 'yan robobi biyu saboda girmama harafi.

A gida kowa ya riga ya gane. Matarsa kujerarta kawai ta ɗauke ta mayar gefen damansa in za a ci abinci. Jikoki in za su roƙe shi abu sai su zagayo ta dama, in kuwa za su faɗi ɓarnar da suka yi sai su tsaya ta hagu. Auta ta same ni a ƙofar gida tana murza bakin mayafi.

"Baba Babba, kai ne yayansa. Ka faɗa masa mana. Mijina aljihun teburinsa ya cika da kwalayen da aka buɗe, ba mai sayen abin da ya shiga kunnen wani."

Na ce mata na faɗa masa.

"Me ka ce masa?"

Na maimaita mata maganar musanyawa. Ta ce, "Wannan ai ba faɗa ba ne, Baba Babba." Na ce ga mutum irin ubanki faɗa ne, har da ƙari. Ba rashin ganewa ke damunsa ba. Ranar da ya yarda kunne ne, to ya yarda teloli su ɗauki kekunansu su kai wani wuri. Muddin laifin na iyafis ne, shi yana nan a Injiniyansa.

Mijin Auta ne ya samo dabara, irin ta yaran zamani. Ashe a cikin waya akwai wurin da ake karkatar da sauti, a ƙara wa gefe guda a rage wa ɗayan. Ya karɓi wayar surukinsa da sunan zai duba caji, ya tura kusan duka sautin zuwa hagu, sannan ya ɗauko wani iyafis mai igiya, mafi araha a shagon, ya ce, "Baba, gwada wannan, sabon shigowa ne."

Injiniya ya sa, ya kunna waƙarsa, ya rufe ido. Can sai na ga yatsansa yana bugun gwiwa.

"Yauwa. Ga shi nan. Ka gani ko? Tun farko kana da mai kyau ka ɓoye, kana ta ɗora mini tarkace."

"A yi haƙuri, Baba."

Da muka keɓe yaron ya faɗa mini abin da ya yi, yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa. Na tambaye shi, in wani ya ari wayar fa? Ya ce ai Baba ba ya ba kowa aron waya. Na ce to, Allah ya sa.

Daga nan muka shiga wani sabon babi. Duk wanda ya zauna a bencin shagon sai ya sha lacca. Kada ka dubi kwali, kada ka dubi tsada, ka tafi da waƙar da ka sani tun kana saurayi, ka saurari abu mafi ƙanƙanta a cikinta. Ni ne misalin da ake bayarwa: "Ga Yaya nan, har cewa ya yi in juya su." A yi dariya, ni ma in taya su.

Akwai wata tsohuwar mai ɗinki da ake kira Uwar Teloli, don rabin telolin unguwar a hannunta suka koya. Tun suna da ƙuruciya take kawo masa keke, kuma tun lokacin ba su taɓa rabuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Ita ba ta san zagaye-zagaye ba. Ya gyara mata keke, bayan 'yan kwanaki sai ga ta an sauke mata shi daga mota.

"Injiniya, ka karɓi kekena ka shafa masa mai ka dawo mini da shi. Ƙarar tana nan."

Ya cire zare, ya juya wilin, ya sunkuyar da kai. Daga inda nake zaune ina jin abin, ƙas, ƙas, duk juyi guda. Shi kuwa ya ɗago ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Tsufa ne ya fara kaɗa miki ƙararrawa a kai."

"Ni? Kai da aka haifa kafin a ƙirƙiro allura?"

"Kunne ai ba na kowa ba ne, baiwar Allah. Zo ki ji abin da kunnen gaske ya zaɓa."

Na yi gyaran murya. Na ce rana ta yi, ko za a bar maganar waƙa a duba keken. Ko kallona bai yi ba. Ya zaro wayar da ba ya ba kowa aro, ya warware igiyar, ya miƙa mata, har yana nuna mata wanne ne na hagu.

Ta sa. Ya kunna. Ba ta daɗe ba ta fizge na hagun tana yamutsa fuska.

"Kai, so kake ka fasa mini kai? Wannan ihu yake yi. Na daman kuwa kamar daga gidan maƙwabta ake waƙar. Wannan ne abin da kake ta cika mana baki a kai?"

Mai walda ya tsaya da aiki a daidai lokacin, kamar an aike shi.

Injiniya ya karɓi abinsa. Ya daɗe yana kallon 'yan haruffan. Sannan ya ɗauki na hagun ya sa a kunnen dama. Na ga kafaɗarsa ta zabura. Ya cire, ya naɗe igiyar a yatsu biyu a hankali, ya sa a aljihu.

Uwar Teloli ta dube ni, na dubi ƙasa. A nan ta gane, amma magana ta riga ta fita. Ta sassauta murya ta ce, "To ko in kai wa yaron nan na bakin kasuwa ya duba, tunda aiki ya yi maka yawa?"

"Bar keken," in ji shi.

Da yamma muka bi ta shagon mijin Auta. Injiniya ya ajiye wayar a kan gilashi ya ce, "Ɗana, mayar mini da ita yadda take." Yaron ya mayar. Na ɗauka shi ke nan. Sai da muka kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Amma na biyun da ka ba ni gwangwani ne. Wannan ba kunnena ba ne." Yaron ya ce, "Haka ne, Baba." A wannan karon gaskiya ya faɗa.

Washegari ya kwance keken Uwar Teloli gaba ɗaya, abin da ban taɓa ganin ya yi wa keke mai ƙara guda ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera komai a kai, manyan ƙarafa a sama, ƙananan ƙusoshi a cikin murafen kwalba. Yana ɗaukar kowanne ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya juya shi, ya shafa da ɗan yatsa. Abin da ya saba kamawa da kunne cikin ƙiftawar ido, shi yake nema da ido da hannu. Na ce masa da a haɗe keken yake, da na juya masa wilin in nuna masa daidai inda ƙarar take fitowa. Ya ce, "Yaya, kai ko zare ba ka iya sa wa allura ba." Wannan ma gaskiya ne.

Bai kai ga ganowa ba babban ɗansa ya zo, Auta ce ta kira shi. Ya ce a garin da yake aiki akwai likitan kunne, kuma ba zai koma ba sai da mahaifinsa. Aka yi ta ja-in-ja, daga baya Injiniya ya ce zai je, amma don ya nuna musu ba komai ne. Ya rufe shago ya ba ni makulli.

An ce an ba shi wani ɗan abu na sawa a kunne. An ce kuma ya mayar da shi, wai sautinsa bai yi masa ba, ana neman wani.

Uwar Teloli tana ɗinki da keken aro. Na ce mata in buɗe shagon a kwashe kayan a kai wa wani ya haɗa. Ta ce shi ya kwance, shi zai ɗaura, ba ta son hannun yara a kekenta. Shi kuma in ya bugo waya, da ƙarfi yake magana har sai na nisanta ta da kunnena: "Yaya, kada kowa ya taɓa mini teburin nan. Na kusa gano shi."

Nakan buɗe shagon wani lokaci don iska ta shiga. Kayan suna nan a jere a kan ƙyallen. Na lulluɓe su da tsohon zani saboda ƙura, ban taɓa ko ƙusa ɗaya ba.