Tabarma a Ƙarƙashin Dal

Yau mai ginin da nake yi wa aiki a Madawa ya ce in rage ƙusoshin da ake waldawa a kan azarar ƙarfe kafin a zuba dal, wato rufin kankare, wai sun yi tsada. Na gaji da wannan gardama. Sai na tuna marigayi kawuna, wanda ya koya mini gini.

Duk ranar da za a cire sandunan da suka tokare sabon dal, yakan shimfiɗa tabarmarsa a ƙarƙashi, ya ɗora shayi. Wata rana a Bangi, ɗakin na warin ɗanyen siminti, ɓurɓushi na zubo masa a hula, shi kuwa yana ta fifita gawayi.

Na ce, "Kawu, hito mana."

Ya ce, "Ƙusoshin nan su ka ɗaure ƙarfe da siminti su ɗau kaya tare, kuma duk na sa su. In ban zamna nan ba, ɗiyan wa za su zamna?"

Yau ɗin ma ban rage ƙusa ko ɗaya ba. Na ce wa mai ginin ya zo da tabarmarsa ranar cire sanduna.

Allah Ya yalwata kabarin Kawu, Ya sassauta masa ƙasar da ke bisansa.