Ƙunshin Inna da Tagar Jirgi

Shekarar da aka sauya kuɗi zuwa naira, yayana ya samu aiki a Inugu. Inna ba ta so ba. Suka yi sa-in-sa, ta ce ko tasha ba za ta raka shi ba. Ya fita da akwatinsa babu sallama.

Ina zaune ina rubutu a allo, ita kuma ta kasa zama. Ta ɗaga tukunya, ta ajiye, ta leƙa zaure, ta dawo. Da jirgin ƙasa ya yi kuka daga tashar Kafanchan, sai ta tuɓe ɗankwalinta, ta zuba ƙuliƙuli da busasshiyar citta, ta ƙulle shi tamau ya dunƙule kamar ƙwallo.

"Ruga. In ya ga ɗankwalin zai gane."

Na isa jirgi ya fara motsi. Na hango shi a taga, fuska a murtuke. Na ɗaga hannu zan auna shi kai tsaye, sai wata mai sayar da lemo, mutuniyar Kagoro, ta cafke min gwiwar hannu. Su kullum ta taga suke ciniki.

"Kai, ɗana, haka za ka ba wa ƙafan jirgi! Ƙasa yana jan abu. Jefa sama, gaba da shi, su haɗu."

Na san gaskiyarta. Ƙwallon tsummanmu ma, duk ƙarfin da ka sa, tun daga barinsa hannu yake fara sunkuyawa. Amma jefa abu inda babu kowa, ga shi ɗankwali ɗaya ne, sai na tsaya riƙe da shi.

"Za ka tsaya har ya kai Inugu ne?" in ji mai lemon.

Na yi bismilla na saki. Ƙunshin ya tashi, yana rage sauri, ya ɗan yi jim a sama kamar mai shawara, sannan ya gangaro. Hanyar da ya bi sai ka ce harafin nun da aka kife. Allah da ikonsa, taga ta iso daidai lokacin da ya sauko. Ya bugi yayana a ƙirji, ya rungume.

Ya duba ɗankwalin. Ya leƙo har kafaɗa yana ihu, ƙarar jirgi ta cinye maganar.

A zaure na tarar da Inna, kanta babu lulluɓi.

"Ya kama?"

"Ya kama, Inna."

Sai a lokacin ta zauna.